Walimar da Baffa Ya Yi Ranar da Aka Ce Babu

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Baffa dai ya riga mu tafiya. Ya cika da hantsi a ɗakinsa da ke gidanmu na gado a cikin garin Suleja, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Ni 'yar ƙaninsa ce. Ni na yi jinyarsa a watanninsa na ƙarshe, tunda jinyar ce aikina a wani asibiti a Abuja. Abin da na gani da idona zan ce na gani, wanda aka gaya mini kuma zan ce an gaya mini, don da yana da rai ba zai bar ni in cakuɗa su ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne shaidar da na ji ana yi masa a zaman makoki. Mata sun cika tsakar gida, maza suna ƙofar gida a ƙarƙashin rumfa, ni kuwa ina ta kai da kawo da kwanuka tsakanin madafi da zaure, saboda haka kunnena ya kwashi na ciki da na waje. Wata maƙwabciyarmu ta rantse cewa Baffa yana cikin waɗanda suka haɗa makamin nukiliya, gwamnati ce ta ɓoye shi a Suleja. Wani ɗan haya da ke zaune a ɗakunan baya ya ce ai Farfesa ya san yadda za a yi wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa, masu sayar da janareto ne suka hana. Wallahi ba don gawa muka fitar ba da na yi dariya. Baffa fa, wanda in ƙwan fitila ya mutu a ɗakinsa sai ya zauna yana kallonsa har matarsa ta zo ta canja.

Waɗannan ba su dame ni ba, surutun makoki ne, gobe an manta. Wadda ta tsaya mini a rai ita ce wadda kowa ya fi yarda da ita: wai Baffa ya gano wani babban abu a can Turai, Turawa suka danne, suka hana shi lambar yabo don baƙar fata ne. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya girgiza kai ya ce Allah ya isar masa. Na san inda wannan labari ya fito. Daga bakin mahaifina ya fito, kuma ya yi shekaru yana faɗinsa.

Ba na so a ɗauki Baba maƙaryaci, don haka bari in faɗi dalilinsa tun yanzu. Su biyu ne maza a wurin kakanmu, wanda sana'arsa sayen doya ce a Lambata yana lodawa zuwa Kano. Da ciwo ya kwantar da kakan namu, Baffa ya riga ya samu shiga sakandare, Baba kuwa yana firamare. Manya suka zauna suka ce ɗaya ya ci gaba, ɗaya ya riƙe sana'a. Babba ya tafi, aka zare ƙarami daga aji aka kai shi kasuwa. Tun daga ranar Baba ya ɗora rayuwarsa a kan karatun yayansa. Shi ya ciyar da gida, shi ya aurar da ƙannensu mata, kuma duk takardar shaidar da Baffa ya samo, Baba ne ke kai ta a sa mata gilashi ya rataye a zaure. In karatun Baffa ya haifi abu, to dakon doyar da Baba ya yi bai tafi a banza ba. In bai haifa ba fa? Wannan tambayar ce Baba ya kasa zama da ita.

To mene ne aikin Baffan? Na tambaye shi tun ina 'yar sakandare, ya ce in ɗebo gishiri. Ya ce in raba ƙwaya ɗaya biyu, in sake raba rabin, in yi ta rabawa a zuci har in kai inda wuƙa ba ta da amfani. Ya ce a can ƙasa akwai ƙwayar zarra, ita ma ba ita ce ƙarshe ba, a cikinta akwai ƙanana, a cikin wasu ƙananan akwai waɗanda suka fi su ƙanƙanta. Malaman fiziks iri biyu ne a wannan fage. Akwai masu inji, waɗanda suka haƙa wani ƙaton rami a ƙarƙashin ƙasa a Turai, suna harba waɗannan ƙananan abubuwa su yi karo da juna, su duba abin da ya tarwatse. Akwai kuma masu alli, irinsa, waɗanda ko ƙusa ba sa taɓawa, sai lissafi. Su ne ke cewa, in lissafinmu daidai ne, ku duba wuri kaza za ku tarar da abu kaza. Baffa da wasu abokan aikinsa sun yi lissafi, ya nuna musu lallai akwai wata ƙwaya da ba a taɓa gani ba, har suka faɗi iyakar nauyinta. A kan wannan ƙwayar ya ƙare ƙuruciyarsa, a jami'o'in waje da na gida, yana jiran a gina injin da zai iya dubawa.

Na ce masa, Baffa, kai yanzu da abin da ba ka taɓa gani ba kake cin abinci? Ya yi dariya ya ce ƙwarai kuwa, amma in rufa masa asiri.

Da ya yi ritaya mutane sun ɗauka katafaren gida zai gina a Abuja. Sai ga shi ya dawo gidan gado da kwalayen littattafai, ya gyara ɗakin kakanmu ya shiga, muka zama gida ɗaya, sashe daban. Wurin aikinsa barandar ƙofar ɗakin ce. In gari ya yi haske sai ya shimfiɗa buzu, ya ɗauki alli ya hau rubutu a kan siminti, ya cika nan ya matsa ya cika can, har hantsi ya same shi a bakin rariya. Inna, matarsa, ta yi faɗa har ta gaji, daga baya suka yi sulhu: ba za ta wanke barandar ba sai ya ce ya gama, shi kuma ba zai tsallaka wajen murhu ba. In ya ce a wanke, ko waiwaye ba ya yi. Na taɓa ce masa, Baffa, aikin da ka sha wuya fa za a watsa wa ruwa. Ya ce in daidai ne yana kansa, in ba daidai ba ne kuwa gara rariya ta ɗauka.

Magana a wurinsa kashi uku ce, kuma kafin ya faɗi abu sai ya gaya maka daga wane kashi ya ɗebo: na sani, ina zato, ban sani ba. Na ukun ya fi yawa a bakinsa, abin da ke ba mutanen unguwa haushi ke nan. Farfesa guda a ce bai sani ba? An kawo masa rediyo ya gyara, ya ce bai sani ba, a kai wa mai gyara a bakin kasuwa. An tambaye shi ko za a ga watan azumi yau, ya ce su da ke da ido su ɗaga kai, shi abin da yake nema ido ba ya kai masa. In kuma ka kawo masa labari mai zafi, na siyasa ko na wani gida, sai ya bari ka kai tsakiya, daidai inda ya fi daɗi, ya ce, "Ka gani, ko an gaya maka?" Shi ke nan hira ta mutu. Mu mata mun daina gulma a gabansa, ba don tsoron Allah kaɗai ba, don ba ta da armashi in yana wurin.

Ba waliyyi nake zana muku ba. Baffa yana da wuyar zama. Kana yi masa magana idonsa a kanka, amma ransa yana can wajen ƙwayarsa, sai ka gama ya ce ka maimaita. Ya taɓa kai Inna biki garin Tafa a motarsa, ya yi gaisuwa da maza, ya shiga mota ya dawo gida shi kaɗai. Sai da ya leƙa madafi yana tambayar abinci ya tuna ba shi kaɗai ya tafi ba. Inna ta dawo a motar haya da takalmin biki a hannu, kuma har ya rasu ba ta bari maganar ta kwanta ba. Haka nan bai iya lallashi ba. In ka yi kuskure zai gaya maka ka yi kuskure da muryar da zai gaya maka hadari ya taso, kuma ba ya gane dalilin da zai sa ranka ya ɓaci.

Amma duk Juma'a, in aka sauko daga masallaci, yakan dawo duniyarmu. Baba ne ke zaɓo doya da kansa tun daga Lambata, Inna ta daka sakwara, a kai musu zaure su biyu a kwano ɗaya. Baba ya yi ta ba shi labarin kasuwa, wane manomi ya yi shuka da wuri, wace mota ta lalace a hanya da kaya, Baffa kuwa yana ci yana jefo tambaya. Wani lokaci Baba yakan ce, "Yaya, ina labarin abin naka?" Baffa ya ce ana nan ana gina injin, ko ana nan ana dubawa. Baba ya gyaɗa kai ya ce Allah ya nuna mana. Haka suka yi ta yi har gemunsu ya yi fari.

Ranar da labarin ya zo ba na gida, ina cikin gosulon hanyar Abuja. Inna ce ta ga abin da ya faru, Baffa kuma ya cika mini sauran daga baya. Waya aka yi masa daga Turai. Mai kiran wani tsohon ɗalibinsa ne, mutumin kudu, wanda Baffa ya koyar tun digirin farko a wata jami'a a nan arewa, ya tsaya masa har ya samu shiga cikin masu injin. Shi yana cikin waɗanda aka ba aikin duba wurin da Baffa ya ce a duba. Sun daɗe suna dubawa, sun sake, sun kuma sakewa, ƙwayar ba ta nan. Mutumin ya roƙi a bar shi ya gaya wa malaminsa da bakinsa kafin a sanar wa duniya, amma da ya kira sai kuka ya ci ƙarfinsa. Baffa ne ya koma yana rarrashinsa, shi da bai iya lallashi ba. Ya yi masa tambayoyi masu yawa a kan yadda suka duba, da ya gamsu sai ya ce masa aikinsu ya yi kyau, kuma bai taɓa alfahari da ɗalibi kamar yau ba. Ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya sassauta kalma ɗaya a rahoton don ganin idon malaminsa.

Inna ba ta jin Turanci. Ita dai ta ga ya ajiye waya ya ce alhamdulillahi, ya ce mata an amsa masa tambayarsa, a nemo rago a gayyaci unguwa ranar Asabar bayan la'asar. Inna ta gaya wa Baba cewa an amsa wa Yaya daga Turai, har zai yanka rago. To a garinmu don me ake yanka rago a tara jama'a? Suna, ko saukar karatu, ko naɗi, ko dawowa daga hajji. Ba wanda ya taɓa yanka rago don abu ya ƙi. Baba bai tsaya tambaya ba. Ya ɗinka sabuwar babbar riga, ya ciko bas da abokan sana'arsa daga Lambata, ya haɗo har da maroƙi.

Wannan kam na gani da idona. Ƙofar gida ta cika, maroƙi yana ta zuba kirari, Farfesa gagara Turawa, Farfesa mai ganin abin da ido ba ya gani. Baba yana zaune a gaba, fuskarsa kamar ta ango. Baffa ya miƙe da 'yar jallabiyarsa ta kullum, ya jira maroƙin ya ja numfashi, sannan ya yi sallama.

"Jama'a, na tara ku ne in gaya muku cewa abin da na ce akwai shi, an duba, babu. Lissafina bai yi daidai ba. Malamai da yawa sun mutu ba a amsa musu tambayarsu ba, ni an amsa mini ina da rai. Ku taya ni gode wa Allah, ku ci nama."

Maroƙi ya buɗe baki ya rasa abin da zai kama, ya rufe. Liman ne ya ceci taron, ya ɗaga hannu ya ce Allah ya sa hakan shi ne mafi alheri, irin addu'ar da ake yi wa wanda gobara ta ci wa shago. Aka shafa, aka ci nama, kowa yana satar kallon Baba. Mutanen Lambata sun riƙe dariyarsu har suka shiga bas, wannan kam sun yi mana kara. Amma tun daga ranar, in mota ta dawo daga ƙauye ba kaya, sai wani ya ce an duba, babu, rumfar kasuwa ta fashe da dariya, Baba yana zaune.

Da aka watse ina tattara kwanuka a zaure suka haɗu. Baba bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗaga wa yayansa murya ba.

"Yaya, an cire ni daga aji saboda kai. Na yi dakon doya har bayana ya ƙage. Shi ne za ka tara mini mutanena ka ce musu babu?"

"To me kake so in ce musu? Babun ce."

"Da ka yi shiru."

"In na yi shiru, maroƙin nan da ka kawo zai ci gaba da faɗin abin da ba haka yake ba."

Gaskiya Baffa ya faɗa, amma wallahi ranar ya faɗe ta kamar mai karanta sakamakon gwajin jini. Na so in jefa masa kwanon da ke hannuna. Ƙaninsa yana tsaye a gabansa da sabuwar riga, yana gaya masa ciwon da ya ɗauka tun yana yaro, shi kuma maganar maroƙi yake yi. Baba ya dube shi, ya juya ya shige sashenmu. Juma'ar da ta biyo baya an kawo doya kamar kullum, amma Baba ya ce a zuba masa nasa daban.

Ba gaba suka yi ba, kada a fahimce ni ba daidai ba. Suna gaisawa safe da yamma, suna sallah sahu ɗaya, in ɗaya ya yi baƙo ɗaya zai fito. Hirar ce kawai ta mutu. A wannan tsakani ne Baba ya fara cewa Turawa ne suka danne, Yaya ne dai mai haƙuri ba ya son tona asiri. Ina zaton da farko don ya rufe bakin 'yan rumfa ya faɗa, daga baya shi ma ya yarda. Mutane kuwa suka karɓa hannu biyu, don labari ne mai daɗin ji. Sai dai duk wanda ya zo ya jajanta wa Baffa a kan zaluncin da aka yi masa, Baffa zai ce ba haka aka yi ba, ba wanda ya zalunce shi. Ka ga kullum yana ƙaryata ƙaninsa a bayan idonsa, kuma maganar tana komawa. Na yi fushi da su duka biyun, na gaya wa kowa nasa, ba wanda ya saurare ni.

Shi dai Baffa bai ajiye alli ba. Ya rubuta wa abokan aikinsa inda yake ganin lissafin ya kauce, ya kama wata tambayar daban. Ranar Asabar malaman kimiyya na sakandaren gari da na garuruwan kewaye irin su Iku sukan zo barandar, ya yi ta warware musu abin da ya shige musu duhu ba ya karɓar komai, sai faɗa in sun haddace abu ba su gane ba. Na taɓa tambayarsa amfanin babu. Ya ce da can masu nema suna da wurare da yawa da za su duba, yanzu an rage musu ɗaya, kuma an rage shi da tabbaci, ba wanda zai sake ƙare ƙuruciyarsa a wurin. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, ya so a ce an same ta, ya so ƙwarai, kuma akwai safiyar da yakan farka ya manta, sai ya zauna sannan ya tuna.

Da ciwo ya kwantar da Baffa, Baba bai taɓa fashin zuwa ba. Kullum bayan la'asar zai shigo ya zauna a bakin gado ya ce, "Yaya, ya jiki?" Baffa ya ce da sauƙi. Su ɗan taɓa maganar ruwan sama, su yi shiru, Baba ya yi addu'a ya fita. Wata safiya ina sa wa Baffa ƙarin ruwa na tambaye shi kai tsaye ko ya yi nadamar rayuwar da ya yi. Ya ce a kan ƙwayar, a'a, ko yau aka mayar da shi yaro hanyar zai sake bi.

"Na ƙare rayuwata ina yi wa abin da ba a gani tambaya," ya ce. "Ubanki kuwa muna ci a kwano ɗaya, ban taɓa tambayarsa ko ya so ya bar makaranta ba."

Na ce to ai yana nan tafe bayan la'asar, ka tambaye shi. Ya ce zai tambaya. Baba ya zo, suka yi maganar ruwan sama. Washegari na tuna masa, ya ce yana sane. Baba ya zo, suka yi maganar hanyar Lambata da ta lalace. Mutumin da ya iya tsayawa gaban unguwa guda ya ce ya yi kuskure, ya kasa buɗe baki ya yi wa ƙaninsa tambaya ɗaya. Haka ya tafi bai yi ta ba. Ina son Baffa kamar uban da ya haife ni, amma wannan har yanzu yana yi mini zafi.

Ranar sadakar uku sai ga baƙo. Dattijo ne shi ma yanzu, furfura ta cika masa kai, ya sauka daga jirgi a Abuja ya wuto Suleja ko masauki bai nema ba. Ɗalibin nan ne da ya yi wa Baffa waya. Ina bakin zaure lokacin da aka gabatar da shi. Baba ya miƙa masa 'yan yatsu, ya juya ga mutanen da ke rumfa ya ce ga ɗaya daga cikin waɗanda suka ci amanar Yaya. Ya ɗauka baƙon ba ya jin Hausa, ya manta a arewa ya yi karatu. Mutumin ya ji sarai. Bai mayar da magana ba, ya ce da Hausarsa mai karkacewa, "Allah ya ji ƙan Malam, uba ne a gare ni," ya nemi a kai shi wajen Inna. A gabanta ya durƙusa ya yi ta kuka kamar ƙaramin yaro, Inna tana ba shi haƙuri ita da aka zo ba wa haƙuri.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na jira mutane suka ragu, Baba ya shiga ɗakinsa ya ɗan miƙe ƙafa, na bi shi. Da niyyar faɗa na shiga, na shirya maganganu tun daga tsakar gida. Amma da na gan shi zaune a bakin gado, hula a gwiwa, ya tsufa a 'yan kwanakin nan fiye da yadda ya tsufa a shekaru, sai duk suka zube. Na durƙusa kusa da ƙafarsa.

"Baba, lokacin da aka cire ka daga aji, kai ka so ka bari?"

Ya ɗago ya dube ni. "Wa ya aiko ki?"

"Baffa ne ya so ya tambaye ka. Ya yi ta niyya, bai iya ba."

Ya sunkuyar da kai yana murza hular. Ana ta wanke-wanke a tsakar gida, wata tana kiran a kawo babbar tukunya. Na ɗauka ba zai amsa ba, har na fara tunanin yadda zan ba shi haƙuri in fita.

"Ban so ba," ya ce. "Malaminmu har gida ya biyo ni. Ya gaya wa mahaifinmu kuskure ake yi, ni ya kamata a bari a makaranta. Na fi Yaya lissafi. Shi ma ya sani."

Ban taɓa jin wannan ba, Inna ma daga baya ta ce ba ta taɓa ji ba. Hawaye ya zubo masa, bai share ba. Can ya mayar da hularsa kai, ya gyara zama, ya tambaye ni ko baƙon nan ya tafi. Na ce yana wajen Inna, amma na ji yana sallama.

"Je ki ce ya dakata. Ki ba shi haƙuri kafin in fito in ba shi da kaina. Ina so ya yi mini bayanin lissafin nan tun daga farko, har inda ya kauce. Ya bi a hankali, zan gane."

Allah ya ji ƙan Baffa, ya yalwata masa makwanci, ya karɓi gaskiyar da ya tsaya a kanta, ya yafe masa inda ya gaza. Ni dai na tashi na fita neman baƙon, na same shi a bakin zaure yana ɗaura takalmi.